Fijon mahaifinmu ta ƙi tashi, bakanike ya ce a sauke inji, yayana ya ce a sayar

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da mata da 'ya'ya uku. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar Fijo 504 salun mai fetur, wadda ya saya sabuwa tun kafin a haife ni. Tun da ya kwanta ciwo take ajiye a ƙarƙashin rumfa, ta fi shekara ba a murza mata makulli ba. Bayan rasuwarsa na ɗauko ta don in gyara, saboda Inna ba ta son ganin ta tana lalacewa a tsakar gida, ni ma haka.

Wata safiyar idan na murza makulli sai in ji "ƙas" kawai, shi ke nan. Idan yaran unguwa suka tura ta, nan take take kamawa. Wata ranar kuma ta tashi lafiya lau, amma da na yi tafiyar kamar rabin awa sai ta fara fizga, ta mutu. In yi ta ba ta kik, inji na juyawa amma ba ta kamawa, sai ta huce sannan ta tashi kamar ba abin da ya faru. An sa sabon batir, an canza fulogogi sau biyu, an wanke kafireta, an sa sabon koyil. Yanzu bakaniken ya ce inji ne ya gaji, sai an sauke shi, ko a sa mata na wata mota. Yayana ya ce ɓarnar kuɗi nake yi, a sayar da ita a ba kowa haƙƙinsa. Maiɗakina ma ta fara magana, don abin ya fara taɓa kuɗin cefane. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Kada ka yarda a sauke injin nan. Injin da ya gaji yana da alamunsa, kuma ban ga ko ɗaya a wasiƙarka ba. Yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ta salansa, yana shan baƙin mai sai ka yi ta ƙarawa, yana kasawa a hawa, idan ka buɗe murfin zuba baƙin mai yana cikin aiki sai ka ga hayaƙi na busowa. Sannan gajiyar inji ba ta zuwa ta tafi. Fistin da ya cinye ba zai warke ba don kawai an jira shi ya huce a bakin titi. Motar da yara za su tura ta kama nan take, ta yi rabin awa tana gudu sumul, injinta da sauransa. Idan bakaniken ya dage, ka ce ya kawo agogon auna matsi, ya cire fulogogi huɗun ya auna kowace silinda a gabanka. Aikin 'yan mintuna ne. In dai lambobin sun zo kusa da juna, babu wadda ta faɗi ƙasa warwas, to magana ta ƙare.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake hana ka. Silindojin injin 504 ba a jikin buloki aka haƙa su ba, hannayen riga ne na ƙarfe da ake zurawa, ruwan lagireto na kewaye su kai tsaye, da abin toshiya a gindin kowanne. Wanda bai saba da Fijo ba, idan ya cire kan inji ya juya karanshaf ba tare da ya danne su ba, sai su motsa, toshiyar ta saki, ruwa ya fara zuba cikin baƙin mai. A lokacin ne za ka samu injin da yake buƙatar saukewa da gaske.

Abin da na fahimta shi ne, cuta biyu ce ke damun motarka, ana kuma yi musu magani ɗaya, wato sayen sabon kaya a sa ko Allah zai sa a dace. Ta safe cutar juyawa ce: inji bai juya ba sam. Ta kan hanya cutar kamawa ce: yana juyawa, amma ko wuta ta ɗauke ko mai ya yanke. Fulogi ba shi da hannu a ta farko, batir ba shi da hannu a ta biyu. Da an raba su tun farko, da rabin kuɗin da ka kashe yana aljihunka.

Mu fara da ta safe, don ta fi sauƙi. Wannan "ƙas" da kake ji ƙarar solinoyid ce, wato makunnin da ke kan kik. Ya samu wutar da za ta motsa shi, amma babbar wutar da za ta juya kik ba ta wuce ba. Ranar da ta sake yi maka haka, kada ka kira masu turawa tukuna. Ka kunna manyan fitilu, ka sa wani ya tsaya a gaba, ka murza makulli. Idan fitilun suka dushe sosai ko suka ɗauke, to wutar ba ta isa ba, ko dai batir ya yi sanyi ko hanyarta ta toshe. Idan suka tsaya da haskensu ba su ko girgiza ba, wutar tana nan amma kik bai ja ta ba, sai a nemi laifin a cikin solinoyid ko buroshin kik ɗin, wato 'yan gawayin da ke kai wuta cikinsa. Alamar buroshi ta fi kowacce fitowa fili: wani ya riƙe makulli a murɗe, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana, in ya zabura ya juya, buroshi ne suka cinye. Mai wayarin zai canza su da kuɗi kaɗan, ba sai an sayi kik sukutum ba.

Amma tun da ka ce batir sabo ne, na fi zargin kawunansa da wayoyinsa. Motar da ta shekara a ajiye, ta ga damina ta ga hunturu, tsatsa da farin gishirin batir kan shiga tsakanin kai da maɗaurinsa, inda ido ba ya gani. Bayan ka ba ta kik ta ƙi, ka taɓa kowane kai da hannu. Wanda ya yi ɗumi, nan wutar ke maƙalewa. Ka kwance na nagatif tukuna, sannan na fozitif, ka goge su da sanfefa ciki da waje har su yi ƙyalli, ka mayar ka ɗaure tamau, nagatif a ƙarshe. Ka cire zobe da agogon hannu kafin ka fara, don sifana ko zobe in ya haɗa fozitif da jikin mota, ƙuna ce mai tsanani. Sai ka bi wayar nagatif zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota. Wannan ta biyun ita ce kowa ke mantawa da ita, alhali ta nan duk wutar kik ke komawa gida. Gwajinta ba wuya: ka ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala kai ɗaya a nagatif na batir, ɗayan a wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji, ka murza makulli. Idan ta juya da ƙarfi, ka kama ɓarawon.

Ina ba ka shawara ka sayi 'yar mitar auna wuta, irin ta masu gyaran rediyo. Kuɗinta bai kai na fulogogin da aka canza maka ba gaira ba dalili. Batir mai ƙoshi da ya kwana ba a taɓa shi ba yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Lokacin da ake ba da kik bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Idan inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta na caji. In lambar ba ta motsa daga 12 ba, to sabon batir ɗin naka kullum ci ake yi ba a mayarwa, sai a duba bel ko ya saki, sannan altaneta da regileta. In kuma caji na tafiya daidai amma da safe ka tarar ya ragu, wani abu ne ke shan wuta da dare. Ka riƙa cire kan nagatif kafin ka kwanta na 'yan kwanaki, in "ƙas" ɗin ya daina, sai mai wayarin ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, musamman rediyo ko ƙahon da aka jona daga baya.

Cuta ta biyu ita ce mai wahalar kamawa, domin idan an kai ta gareji ta riga ta huce, sai ta tashi lafiya ta ba ka kunya a gaban bakanike. Don haka ba a gareji za a gano ta ba, a inda ta mutu za a gano ta, cikin mintunan da take da zafi. Ka shirya mata. Ka zaɓi ranar da ba ka da uzuri, ka ɗauki mutum ɗaya, da sukundireba, da filaya mai riƙon roba, da tsumma, da gorar ruwa, ku yi ta zagaye kusa da gida har ta yi halinta. Tambaya ɗaya za ku amsa: wuta ce babu, ko mai?

Ka sa ta a firi, ka ja birkin hannu. Akwai waya mai kauri da ta fito daga tsakiyar koyil ta shiga tsakiyar murfin distiributa, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogogi. Ka zare ta daga murfin, ka riƙe ta da filayar, ka kusantar da bakinta ga wani ƙarfe a jikin inji, tazarar kamar kaurin fensir, nesa da kafireta da bututun mai. Abokin tafiyarka ya ba da kik. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsallakawa da ƙara, tas-tas-tas, ba fashi. In ka ga ja-ja ce mai rauni, ko tana yi tana ɗaukewa, ko babu ita sam, to ciwon na ɓangaren wuta ne. In wutar na da kyau, sai ka mayar da wayar, ka kashe makulli, ka buɗe matatar iska ka leƙa maƙogwaron kafireta, ka ja totur da hannu sau biyu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya tsarta ciki. In ba ka gani ba, kafireta ta bushe, mai ne bai iso ba. Ka lura na ce a kashe makulli. Kada ka taɓa sa fuskarka a bakin kafireta ana ba da kik, kuma kada ka yarda da al'adar nan ta tsiyaya fetur a ciki ana murzawa. Wuta kan dawo ta nan, ta kama gira da gemu, wani lokacin ta kama motar gaba ɗaya.

In da za a ce in yi caca, da ɓangaren wuta zan zaɓa, kuma dalilina yana cikin jerin da ka rubuto. Ka ambaci batir, fulogogi, kafireta da koyil. Ba ka ambaci kontak da kwandansa ba, alhali su ne zuciyar wutar irin wannan mota. Yawancin yaran gareji na yanzu a kan motocin da kwamfuta ke ba su wuta suka koyi aiki, wani bai taɓa saita kontak da hannunsa ba, shi ya sa yake kewaye distiributa kamar gidan surukai.

Ga yadda abin ke aiki, don ka san abin da kake kallo. Koyil yana karɓar volt 12 na batir ya tara shi. A cikin distiributa akwai ƙananan baki biyu na ƙarfe, su ne kontak, suna haɗuwa suna rabuwa yayin da sandar tsakiya ke juyawa. A daidai lokacin da suka rabu ne koyil ke sakin wuta mai dubban volt, rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a kan sandar, ta kai ta ga fulogin da layi ya zo kansa. Kwandansa, wata 'yar gwangwani mai waya ɗaya a jikin distiributa, aikinta ta shanye tartsatsin da zai so tsallakawa tsakanin bakin kontak, don yankewar ta zama kaifi ɗaya. Tsohuwar kwandansa takan yi aiki lafiya da sanyi, zafi na shigarta ta kasa, ta huce ta dawo. Wannan shi ne labarin motarka kusan kalma da kalma.

Ka ɓalle maƙalai biyu na murfin distiributa, ka zare rota, ka buɗe bakin kontak da ɗan yatsa ka duba, makulli a kashe. Lafiyayyen baki toka-toka ne, a shafe. In ya yi baƙi ko shuɗi, ko gefe ɗaya ya yi rami ɗayan ya yi tsiro, ya ƙone, kuma galibi kwandansa ce ta bari ya ƙone. A canza su tare. Sannan tazara: idan aka juya inji har bakin ya buɗe iyakar buɗewarsa, milimita 0.40 ake so a 504, da ma'aunin nan mai siraran ganyen ƙarfe ake aunawa, ba da ido ba. Ɗan dunduniyar da ke goga a jikin sandar yana cinyewa a hankali, tazarar ta yi ta raguwa har ta kusa rufewa, ƙarfe kuma in ya yi zafi yana kumbura, sai ɗan abin da ya rage ya tafi. A shafa wa sandar ɗigon giris kaɗan, kaɗan ƙwarai, don in ya yi yawa zai fantsama kan kontak. A duba kuma siririyar wayar da ke cikin distiributa, domin takan karye a cikin rigarta, tana haɗuwa tana rabuwa.

Duk lokacin da aka taɓa tazarar kontak, taimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, ya motsa. Saboda haka tazara ake fara saitawa, sannan taimin, ba a juya tsarin. Kuma ina roƙonka kada ka bar kowa ya yi ta murɗa distiributa hagu da dama yana sauraron ƙarar inji wai yana saiti da kunne. Akwai alamar da kamfani ya yi don wannan aiki, da ita ake bi, da fitilar gwaji. Kafin a zare wayoyin fulogi a sa wa kowace alama. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wadda ke kusa da giya, ba ta gaban lagireto ba kamar yadda aka saba a motocin Japan.

Yanzu sabon koyil ɗin nan. Ka tuna da kyau, mutuwar kan hanya ta fara kafin a sa shi ne ko bayan an sa? Koyil ba iri ɗaya ba ne ko da sun yi kama a ido. Akwai wanda aka yi don ya karɓi volt 12 kai tsaye, in ka auna tsakanin ƙananan kawunansa biyu da mita za ka ga kusan om 3, om kuwa shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta. Akwai wanda aka yi don ya yi aiki tare da wani ɗan farin dutse mai rage wuta, shi kusan om 1.5 ne. Akwai kuma na motocin da ba su da kontak, wanda nasa ya fi haka ƙanƙanta. In aka sa na biyu ba tare da dutsensa ba, ko aka sa na uku, zai riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi har ya ɗauke, kuma ya ƙone kontak a hanya. Koyil kan yi ɗumi a aiki, wannan ba laifi ba ne, amma in ba ka iya ɗora masa hannu ba, da magana. Ka jiƙa tsumma ka naɗe jikinsa, ban da kansa inda wayoyi suke, ka jira kaɗan. In ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba, shi ne. Ka tambayi bakaniken ina tsohon koyil na Baba yake. Ba mamaki lafiyarsa ƙalau.

Wata tambayar kuma: akwai mai zama cikin motar ya buɗe makulli har fitilun gaban direba su kama, yana sauraron rediyo inji a kashe? Ko yara, ko kai da kanka. In aka yi rashin sa'a bakin kontak a haɗe ya tsaya, wuta za ta yi ta bi ta koyil ba hutawa, ta dafa shi ta ƙone kontak, mota na tsaye wuri ɗaya.

Tun da murfin distiributa na hannunka, ka duba cikinsa a rana. Siririn layi baƙi kamar zanen fensir alamar tsagewa ce, wuta na bi ta nan ta gudu. Ɗan gawayin da ke tsakiyarsa ya kamata ya riƙa lotsawa yana dawowa. Fulogogin 504 kuma a can ƙasan dogayen ramuka suke zaune a saman inji, ramukan na tara baƙin mai in robarsu ta tsufa, suna tara ruwa in masu wankin mota sun sa wa inji tiyo. A tsane su da tsumma kafin a kwance fulogi, a kuma saita bakin kowanne a milimita 0.6, don sabon fulogi ba lalle ya zo da tazarar da motarka ke so ba. In ka buɗe distiributa ba ka ga kontak ba sam, to an sa mata mai lantarki, sai zargin ya koma kan 'yar na'urar da ke ba koyil umarni, ita ma zafi kan kashe ta ta farfaɗo.

To in gwaji ya nuna wuta na nan, mai ne babu fa? Nan shekarar da ta yi a rumfa za ta yi bayani. Tankin ƙarfe da ya zauna rabinsa iska yana yin gumi a ciki, ya yi tsatsa, tsohon fetur kuma ya bar danƙo. Kana tafiya famfo na zuƙo garin tsatsa yana taruwa a bakin bututu har ya toshe, in ta mutu garin ya koma ƙasa, hanya ta buɗe. Sai ka ɗauka hucewa ta yi, alhali dattin ne ya kwanta. Bututun mai kuwa kullum daga gindin tanki yake zuƙa, inda dattin yake. Wanke kafireta bai magance wannan ba, an share ɗaki ne an bar ƙofar da ƙura ke shigowa. A sauke tanki a wanke, a busa bututu, a sa sabuwar matatar mai mai haske wadda za ka riƙa ganin cikinta. Da zarar ta mutu kuma ka buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji ya ja iska "fuu", hanyar numfashinsa ta toshe, famfo ya yi ta ja har ya kasa. Shi kansa famfon man, inji ne ke motsa shi, da wata fatar roba a ciki wadda zama ke busarwa. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka sansana, in kana jin warin fetur, fatar ta yage, mai na zuba cikin inji, a canza famfon da baƙin man duka ba tare da jinkiri ba. A zafin bazara kuma fetur kan tafasa a cikin bututu in ya bi kusa da wuri mai zafi, famfo ya yi ta tura tururi. Jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon zai nuna maka wannan. Amma ka yi gwajin tsumma ɗaya bayan ɗaya, koyil daban famfo daban, in ba haka ba ta tashi ba ka san wanne ya tashe ta ba. Duk wani tiyon mai na roba da ya tsattsage a canza shi, ka kuma ajiye abin kashe gobara a motar.

Game da bakanike, ba na cewa macuci ne. Mai yiwuwa iyakar saninsa ke nan. Amma kana zaune a inda ya fi ko'ina sauƙin samun masanin wannan mota. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Mutanen da suka ci abinci da ita shekara da shekaru suna nan da ransu. Ka je tasha ka tambayi tsofaffin direbobin da suka ja wagon, su nuna maka wanda yake yi musu aiki a da. In ka same shi, ka biya shi kuɗin bincike daban, ko bai canza komai ba, don wanda sai ya sayar da kaya zai samu na abinci, dole ya ga kayan da za a canza. Ka ce a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, kuma duk abin da aka cire a ba ka shi a leda. Kayan 504 ana samun su a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, sai dai jabu ya yi yawa, musamman kwandansa da kontak, har sabuwa fil kan zo a mace. Ka tafi da shi ya zaɓa, ku sayi kwandansa biyu, ɗaya ta zauna a aljihun mota. Batun sa mata injin wata mota kuwa, ni ban goyi baya ba. Za a yanka nan a yi walda can, ka tashi da motar da ba Fijo ba ce ba kuma waccan ba, kuma cutar safe za ta biyo ka, tun da a waya take.

Saura maganar gida, wadda a ganina ta fi ta kontak gaggawa. Yayanka bai yi laifi ba. In ba a raba gado ba, motar nan ba taka ba ce kai kaɗai, ta dukkan magada ce, da Inna mai tumuninta, da 'yan'uwanka mata, da kowa. Kuɗin da kake zubawa a dukiyar tarayya kake zuba shi, ba da yardar sauran ba, kuma ranar da ta gyaru ta yi kyau, farashinta zai tashi da guminka a raba da kai. Irin wannan ne ke haddasa gaba tsakanin 'yan'uwa shekaru bayan an manta da motar. Ka dakatar da duk wani babban kashe kuɗi. Ka je wurin yayanka da kanka, ba ta waya ba, ka ce ka ji maganarsa kuma kana son ka saye ta. A kira mutum biyu da suka san kasuwar mota su yi mata kuɗi a yadda take yau, a gaban malamin da zai raba muku gado, a cire rabonka, ka biya sauran nasu ko da kaɗan-kaɗan ne in sun amince, a rubuta a sa shaidu. Abin da ka riga ka kashe ka kawo shi fili da rasit, in sun yarda a lissafa, in ba su yarda ba ka bar shi sadaka ga Baba. Wataƙila wasu su yafe maka nasu saboda Inna, amma ka bari ya fito daga bakinsu.

Maiɗakinka kuma ka zaunar da ita ka faɗa mata adadin da ya tafi, ba ragi, da adadin da ba za ka wuce ba. Abin da na lissafa maka, sanfefa, mita, kontak, kwandansa, matatar mai, wankin tanki da ladan dattijon bakanike, duka ba su kai kusa da kuɗin sauke inji ba. Ka ware su daga albashin wata ɗaya bayan an cire na cefane, ba kafin ba. In an yi waɗannan duka, matsin silinda kuma ya fito da kyau, amma har yanzu tana mutuwa, ka sake rubuto mini da abin da ka gani a bakin titi: launin wutar, ko fetur ya tsarta, da lambar da mita ta nuna a kan koyil.